Allurar da Baffa Bai Sha Ba

Baffa ya ce shi da aka huda masa ƙirji aka zura kyamara tsakanin haƙarƙarinsa, ko allurar barci bai yarda an yi masa ba. Idonsa biyu, in ji shi, har yana gyara wa likita riƙon ƙarfe. A bencin asibiti ya faɗi wannan, da ƙarfi, don masu jiran layi su ƙaru.

Baba na zaune gefensa yana numfashi da ƙyar. Ruwa ne ya taru masa a ƙirji, yau za a leƙa a ga dalili. Baba tela ne, allura ba baƙuwarsa ba ce, amma tun safe yake tambayar tsawon ta asibiti. Kuma shi ne wan Baffa. Ƙaninsa ya yi abu ido biyu, shi a kwantar da shi kamar jariri? Sai ya ce shi ma haka za a yi masa.

Ni makarantata ba ta yi nisa ba, amma duk takardar da ke cikin kwalin magani sai na karance ta, har ƙananan rubutun. Na ce ban yarda ba. Baffa ya ce tun da na samu waya na zama farfesa. Na ce eh.

Aka kira mu ciki. Ɗaki mai sanyi, gado siriri, tire cike da ƙarafa an rufe da ƙyalle. Likitar wata 'yar gajeruwar mata ce, tana rubutu tana bayani. Za a kashe zafin wurin da allura, sannan a sa wani magani ta jijiya, jiki ya saki, mutum ya yi luf. Da yawa ma, in ji ta, ba sa tuna komai bayan an gama. Baba ya ce ta farkon ta ishe shi. Ta ce zaɓinsa ne, amma zai ji jiki.

Na tsaya a bakin gadon na ce ba inda zan matsa. Baffa ya ce mini a gidanmu mace ba ta tsoma baki a maganar maza, kuma jarumta a jininmu take.

"Baba," na ce, "ranar da aka yi wa Baffa, ni na riƙo masa takalmi. A bayan tasi muka kawo shi, yana ta gaida fitilun hanya. Inna ce ta ce kar a gaya masa."

Baffa ya ce sharri ne, ƙaryar yaran zamani. Shi yana tuna komai tiryan-tiryan.

"To Baffa, wa ya yi maka aikin?"

Ya gyara hula. "Wani dogon likita ne mai gemu. Mun sha hira, mutumin kirki."

Baba ya dube ni, ya dubi ƙaninsa. Sannan ya naɗe hannun riga a hankali ya miƙa wa wata nas hannunsa, ya ce a sa masa duka biyun.

Likitar ba ta ko ɗago kai daga rubutunta ba.

"Ni na yi maka, Malam," ta ce.

Baffa ya dubi haɓarta. Babu gemu.