Farar Mota a Bakin Lungu

Duk faɗin Limancin Kona, in ka ce Barira mai zanen gado, kowa zai nuna maka gidan. Amma ka ce Ihsan Ɗinki, sai a yi maka kallon baƙo. Wannan sunan a takardar rajista kaɗai yake zaune, ita kuma takardar tana can ƙasan akwati.

Tun rasuwar mijinta, ɗinkin nan ke riƙe da gidan. Ɗaki guda ne a cikin gida, da kekunan ɗinki, da matan unguwa masu taka su. Babbarsu Hassana, wadda suka faro tare tun kekensu ɗaya. Bana kasuwa ta yi sanyi, kayan waje masu araha sun cika gari, har kekunan suka koma wuni a lulluɓe da zani. Hassana kuwa ba ta iya ɓoye-ɓoye ba.

Ta ce, "Yaya Barira, wani shago a Tudun Wada na nemana. Na ce su jira ni zuwa bayan Sallah. In aiki bai zo ba, kin dai san nauyin da ke kaina."

Barira ta san in Hassana ta sa ƙafa ta fita, sauran ma bin ta za su yi, ɗakin ya koma na ajiye tarkace.

Ana cikin haka 'yarta Su'ad, mai karatu a jami'a, ta shigo da labari. Gwamnati za ta ba ƙananan masu sana'a kwangilar ɗinka zannuwan gadon asibitoci, amma sai kowa ya cika bayanansa a shafin intanet. Suka zauna kan tabarma, Su'ad na tambaya tana dannawa.

"Umma, lambar waya."

"Tawa? A baza ta duniya, kowane ƙato ya riƙa kirana? Sa ta Malam, babanki."

"Umma, layin Abba ai an daɗe da rufe shi."

"Ki sa dai. Da shi aka san gidan nan."

"To, hoton wurin aiki fa?"

"Cikin gidan malamai za ki ɗauka ki nuna wa duniya? Har da igiyar shanya?"

"Suna so kuma a sa alamar gidan a taswira."

"Rubuta Limancin Kona, Zariya. Wanda ya zo da niyya, bakinsa zai kawo shi."

Kada a zalunci Barira, ba wauta ke damunta ba. Mace ce da in ta shafa yadi sau ɗaya za ta gaya maka ko zai jure wankin asibiti. Kunya ce kawai, irin wadda aka raine ta da ita, ga kuma ɗan taurin kai da ita kanta ba ta musu. Su'ad ta nuna mata jan rubutun da ke cewa bayanai ba su cika ba.

Barira ta ce, "Saƙon ya tafi ko bai tafi ba?"

"Ya tafi, amma…"

"To, shi ke nan."

Suka aika samfurin ɗinkinsu Kaduna, kuma labari mai daɗi ya dawo ta shafin: ɗinkin ya samu karɓuwa, saura masu dubawa su zo su ga wurin aiki da idonsu. Barira ta sa aka share ɗakin tas, aka zuba wa kekuna mai. Kullum da safe sai ta ajiye mayafinta mai kyau kusa da hannu, kunnenta na zaure. Har aka yi Sallah babu wanda ya yi sallama.

Washegarin Sallah ta je gaida Malam Rilwanu, wan marigayi mijinta, dattijon da ke wuni a dakalin bakin lungunsu yana lura da mai shiga da mai fita. Sun gama gaisawa, har ta yunƙura za ta tashi, ya ce, "Af, ban gaya miki ba. Cikin azumi wasu suka zo da farar mota mai lambar gwamnati, wai suna neman wani Ihsan Ɗinki. Sun ce sun yi ta kiran waya ba ta shiga. Ina ganinsu na ce waɗannan 'yan haraji ne. Na ce musu a unguwar nan aka haife ni, ban taɓa jin sunan ba. Ɗayan ya ce ko akwai mai ɗinki a lungun? Na ce nan gidajen karatu ne." Ya yi dariya, ya gyara zama. "Ina raye ba za a shigo wa iyalin ƙanena da fitina ba."

Barira ta kalli dattijon, fuskarsa cike da farin cikin wanda ya sauke amana. Da wane baki za ta ga laifinsa? Bai san sunan ba, domin ita ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Mutanen kuma da wace waya za su same ta?

Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya."

Ya ce, "Amin, ai haƙƙinmu ne."

Da ta koma gida ta sa Su'ad ta duba shafin. An riga an fitar da sunayen waɗanda suka samu, babu nasu. Baƙin ciki ya kama ta, irin wanda ba ka da wanda za ka huce a kansa. Can Barira ta ce a ɗauki hoton ɗakin, a sa alamar gidan, sannan ta karanto lambar wayarta da bakinta. Jan rubutun ya ɓace. Su'ad ta ce ƙila baɗi a sake buɗewa.

Da la'asar Hassana ta shigo da leda a hannu. Ta ɗauki almakashinta da tef ɗin awo, tana ta kauce wa idon Barira. Sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Yaya, mutanen nan dai ba su zo ba ko?"

Barira ta ce, "Sun zo, Hassana. Har bakin lungu."