Babbar Sifana

Maigidana bakanike ne, Allah ya ji ƙansa. Garejinsa a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya ce ta raba shi da kicin ɗina. Ni ban san komai a harkar mota ba, amma ina da aiki guda a garejin nan. Idan noti ya ƙi kwancewa, ya sa masa mai, ya gasa shi da wuta, ya buga da guduma duk a banza, sai ya zura dogon bututun ƙarfe a hannun sifana, ya ɗaga murya ya kira ƙaramar 'yarmu.

"Auta, kira min babbar sifana!"

Ni ce babbar sifanar. A lokacin Allah ya hore min jiki, kujerar roba ba ta ɗaukata sai an haɗa biyu. Sai in goge hannu in fito ina mita, in hau ƙarshen bututun da ƙafa biyu, in dafa kafaɗarsa. Ya naɗe wurin da baƙar roba don kada santsi ya kwashe ni.

"Ban da tsalle," haka yake cewa kullum. "Nauyi nake so, ba rawa ba."

Mu tsaya shiru, ni a sama, shi a ƙasa yana riƙe da ƙuguna. Can sai ka ji ƙas, noti ya saki. Ya ce, "Kin gani? Abincin da nake kawowa bai tafi a banza ba." Ni kuma in ce, "Ka ji da kanka, sillan kara."

Aikinsa na ƙarshe wata jar motar tsere ce, tsohuwa, mai kujera biyu, ba rufi, kwance take a ƙasa kamar kwaɗo. Ƙafarta ta baya ke kuka, kuma ba a isa ciki a gyara sai an kwance babban notin da ke bakin sandar da ke juya tayar. A kan notin nan yake ranar da ya shigo kicin ya ce ƙirjinsa ya riƙe. Muka tafi asibiti tare, na dawo ni kaɗai.

Daga ranar na daina buɗe ƙofar nan. Na jawo buhun gawayi na tare ta. Abinci kuma ya fita daga raina. Ina dafawa, in zuba wa Auta, in ce na ci nawa. Zannuwana suka koma zagaye ni sau biyu.

Auta a garejin ta girma, a hannun ubanta ta koyi aiki, kuma ta iya. Amma da aka yi rasuwar, masu motoci suka dinga zuwa ɗaya bayan ɗaya. Su yi gaisuwa, su sunkuyar da kai, su ja motarsu su tafi. Har garejin ya zama ba kowa sai jar motar nan. Auta ta faɗa min a fili: idan ita ma ta fita ba a gyara ba, za ta rufe wurin ta tafi neman aiki wani gari.

Ta bango nake jin faɗanta da notin. Ta fesa mai ta bar shi ya kwana. Ta kira mai walda na bakin titi ya gasa shi har ya yi ja. Sifana ɗaya ta karye. Da suka sa bututu, mai waldan ya hau ya daka tsalle, kan sifanar ya zame ya cinye gefen notin. Na ji Auta tana masa masifa, tana cewa idan ya ƙara zamewa sai dai a yanka, kuma in an yanka aka taɓa sandar, babu inda za a samo irinta.

Ranar Asabar da hantsi na ji muryar mai motar. Tsoho ne, abokin maigidana tun suna samari, Auta tana ce masa Kawu. Da motar janwe ya zo.

"'Yata, ba raina ki na yi ba," in ji shi. "Yarana ne suka sa ni gaba. Sun ce in kai ta inda ake da manyan injina."

"Kawu, ka ba ni dama sau ɗaya kawai."

Sai na ji an turo ƙofar kicin. Buhun gawayi ya faɗi, ya zube. Ga Auta tsaye, fuskarta duk baƙin mai.

"Mama, ki zo ki hau."

"Ki kira mai walda."

"Ba shi nake kira ba. Babbar sifana nake kira."

Da ta faɗi haka da irin muryar ubanta, na so in wanka mata mari, na kuma so in rungume ta. Ban yi ko ɗaya ba. Na tsallake gawayin na bi ta.

Warin wurin ne ya fara tarbata, man inji da ƙura. Rigar aikinsa tana nan rataye a ƙusa, gwiwar hannun a lanƙwashe kamar yanzu ya cire. Kofinsa na shayi yana kan jarka. Na kawar da kai.

Kawu ya dube ni ya riƙe baki. "Maman Auta, ke ce? Wa ya sace rabinki?"

"Wanda ya sace maka gashin kai," na ce. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. "Tsofai-tsofai da kai, me za ka yi da motar tsere? Wa kake tserewa?"

"Tsufan nake tserewa, yana kamo ni a kwana."

Auta ta ce ya shiga ya taka birki don kada tayar ta juya. Shigarsa kaɗai abin kallo ce, sai da direban janwe ya naɗe masa ƙafafu ya tura su ciki. Ta buga kan sifanar da guduma har ya zauna daram a kan notin, ta zura bututun, ta tokare shi da jak ɗin ɗaga mota daga ƙasa don kada ya zame. Baƙar robar tana nan a ƙarshensa, ta yi sulɓi daidai inda ƙafata ke zama.

Na hau. Na miƙa hannu inda na saba dafawa, sai na ji kafaɗar ta yi ƙasa, kuma ƙarama ce. Ta Auta ce.

"Ban da tsalle, Mama."

"Ke za ki koya min?"

Muka tsaya cik. Bututun ko lanƙwasawa bai yi ba. A da ina hawa yake fara kuka. Na tattara duk abin da ya rage a jikina na sauke masa, amma kamar tsuntsuwa ce ta sauka a kan reshe. A nan na ga abin da na yi wa kaina. Hawaye suka zubo min, na kasa sharewa don hannuna biyu suna riƙe.

"Auta, babu ni," na ce. "Na ƙare."

Ta ɗora ƙafa ɗaya a bututun kusa da tawa, a hankali, ta ɗora ta biyu. Ta zagaye ƙuguna da hannu ɗaya, ɗayan ta dafa bango. Ni na riƙe wuyanta. Fuskarta tana ƙirjina, ina jin numfashinta. Bututun ya fara lanƙwasawa, yana wannan siririn kukan da na sani.

"Ƙafata ta mutu!" in ji Kawu daga ciki.

"Taka, tsoho!" muka ce tare.

Ƙas!

Bututun ya yi ƙasa da mu, muka zube a kan tsofaffin kwalaye, ni a kanta. Auta ta rarrafa ta kama sifanar da hannu ɗaya, notin ya bi ta salin-alin. Ta zauna dirshan a ƙasa riƙe da shi, tana dariya tana kuka.

Sai da aka haɗu aka zaro Kawu daga motar. Ya karɓi notin ya jujjuya shi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya sallami mai janwe, ya ce ya tafi, babu abin ja a nan.

"Yaushe zan zo in ɗauka, bakanike?" ya tambayi Auta. Haka yake kiran ubanta.

"Ka ba ni zuwa Laraba. Ɗaya ƙafar ma zan duba, ita ma notinta ya yi tsatsa."

Ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kin ji dai, Mama. Akwai wani. Kuma ni ba kullum zan dinga hawa ba, wa zai riƙe sifana?"

Daga baya na zauna na yi tunani, mai walda ko a da ya fi ni nauyi, kuma da an ce ya tsaya cik da ya tsaya. Ban taɓa tambayarta me ya sa ni ta kira ba.

Na koma kicin na share gawayin, na bar ƙofar a buɗe. Akwai sauran shinkafa a tukunya. Na ɗumama, na zuba mana a faranti ɗaya, na kai garejin. Muka zauna a kan tsohuwar taya kusa da jar motar, muka cinye tas, har na kankare ƙanzon.