Baba Jehki Bai Shiga Ƙasa Ba

Ƙone shi suka yi. Ba gobara ba ce. Ɗan ƙanensa ne ya ce a sa shi a wuta, aka sa.

Baba Jehki maƙwabcina ne a unguwar Highbridge, ƙofata na kallon tasa. Ni direba ne a ofishin jakadanci, shi tsohon kafinta, mutumin Finland. Turancinsa a karye, nawa a karye, shi ya sa muke jin juna. Yana saurayi ya shiga gidan 'yan zuhudu, wato Kiristocin da suka bar aure da duniya, a wani tsibiri tsakiyar tafki. Yaƙi ya zo, Rasha ta cinye tsibirin, aka watse. Shi jirgin ruwa ya jefo shi nan. Bai yi aure ba, bai aske gemu ba, ba ya cin nama. Matata Balki kullum tana mita tana yi masa miyarsa daban.

A sanyin 1974 ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Na shiga duba shi, ya nuna mini baƙar rigarsa ta zuhudu a kan kujera, duk asu ya ci gefenta.

"Ishiyaku, ku Musulmi kun san darajar gawa. A sa mini wannan, a sa ni a ƙasa. Kar ka bar Arvo ya ƙone ni."

"Baba, addinina daban da naka."

"Shi ba shi da ko ɗaya. Kai kana tsoron Allah."

Na ce to.

Da hantsi ya cika. Arvo, ɗan ƙanen nasa, ya zo daga Brooklyn ya sa aka ɗauke gawar. Na miƙa masa rigar, ya ɗaga ta da yatsu biyu.

"Wannan tsumman? Mista, wa zai riƙa zuwa kabarin? Kai?"

"Ni."

Ya yi dariya. "Kawo mini limaminsa ya faɗa da bakinsa, sai in ji."

Na je cocin 'yan ƙasarsu. Faston ya ba ni kujera, ya ba ni kofi. Ya ce, "Ai mu cocinmu ba 'yan zuhudu. Yarenmu ɗaya da shi, amma ibadarsa irin ta Rashawa ce. Can za ka je."

Washegari na ɗauki motar ofis ban tambayi kowa ba. Limamin Rashawan tsoho ne, gemunsa sak na Baba.

"Ban san shi ba. Me ya hana shi zuwa nan?"

"Ya ce ku kuka cinye musu tsibiri."

Ya ce, "Waɗanda suka cinye tsibirin ai su suka koro mu. Duk shekarun nan yana unguwar nan yana addu'a shi kaɗai? Taurin kai!"

Amma ya ɗauki kwat ɗinsa. A hanya yana ta tambayata ko Baba na azumi. Na ce ya fi ni.

Mun isa gidan masu shirya gawa, Arvo yana fitowa, da wani gwangwani a hammata, bai fi na madarar gari ba.

"Yau da safe suka samu wurin ƙona shi," in ji shi. "Ba su jira."

"Kai ka ce in kawo shi!"

"Ban zaci za ka samo ba."

Na yi kansa. Limamin ya riƙe mini hannu, tsoho amma da ƙarfi. Na ce to ko a haka ne ya yi wa Baba addu'a. Ya cire hula, ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, ya ce, "Ba mu karatu a kan toka." Ko mota bai yarda ya shiga ba, ya gangara tashar bas.

Arvo ya buɗe ƙofar bayan motarsa, ya ture takalman yaransa da jakar cefane, ya ajiye gwangwanin. Da ya ja motar na hango gwangwanin ta gilashi ya kife, ya gangara ƙarƙashin kujera.