Zanen Gawayi a Katangar Makau

Har yau in na ji wani ya ce "mita biyu ce kawai" sai in ji kamar in kwaɗa masa mari. Kawai! Wallahi da wannan kalmar aka cuce mu.

Babanmu Makau mai haƙar rijiya ne, duk Gummi har Bukkuyum an san igiyarsa. Shi bai san wata mita ba, da gaba yake awo: ya buɗe hannuwansa biyu, daga yatsa zuwa yatsa gaba guda ke nan. Ni Lauratu ce babbar 'yarsa, Musbahu ke bi mini. Shi ne ya ƙi gadon rijiya, ya ce Gabon za shi, can 'yan garinmu ke sayar da takalma.

Ranar wata Talata cikin daminar nan, da hantsi, Maikuɗi maƙwabcinmu ya shigo zaure da gudu riƙe da salularsa, don shi kaɗai ke da ita a layinmu. Musbahu ne ya bugo daga Oron, bakin teku, inda ake shiga jirgin katako. Na kawo wa Baba fura, sai na maƙale a bakin ƙofa.

Yaron nan ko kasuwar Anka ba ya zuwa sai Baba ya yarje masa. To izini yake nema. Ya ce masu hasashen yanayi sun ba da sanarwa igiyar ruwa za ta kai mita biyu, wasu fasinjoji sun janye, mai jirgi kuwa ya ce ba komai. Ya shiga ko ya jira?

"Mita biyu gaba nawa ce?" in ji Baba.

Maikuɗi ya ce gaba guda da taki.

Baba ya ɗauki gawayi, ya ɗaga hannu ya ja zane a katangar zaure, sama kaɗan da hularsa. Ya dube shi, ya kece da dariya.

"Wanga ɗan abu? Ni da nike shiga gaba ashirin cikin ƙasa! Gulbinmu in ya kawo ya fi haka, kuma kwalekwale na ƙetare shi. Shiga, ɗana, Allah ya tsare."

Ni ma na yi dariya. Ban yafe wa kaina wannan ba.

Bayan azahar Malami ya zo gaisuwa. Tsohon abokin Baba ne, ya yi shekara goma sha bakwai yana aiki a jiragen kamun kifi na Ikko kafin gwiwa ta dawo da shi gida. Ya ga zanen ya tambaya, Baba ya ba shi labari yana taƙama. Malami bai yi dariya ba.

"Makau, ruwan gulbi kwance yake, ka auna zurfinsa ka huta. Na teku tashi yake yi. Daga ƙasan kwarinsa zuwa ƙoƙuwarsa ake awo."

"To ai shi ne mita biyun."

"A'a. Akwai wata na'ura da ke yawo bisa teku kamar gora, tana hawa tana sauka, tana ƙidaya igiyoyin. In ta ƙidaya talatin, sai a ware goma mafi girma, a ɗauki tsaka-tsakinsu. Shi ake faɗa a sanarwa. Tsaka-tsaki fa, Makau, ba iyaka ba."

"Iyakar fa?"

Malami ya dubi zanen. Sannan ya ce cikin igiya dubu ana samun ɗaya da ta kusa ninka abin da aka faɗa, kuma dubun nan sa'o'i kaɗan ne take wucewa. Tafiyar Gabon kuwa kwana uku ce.

Baba ya miƙe da gawayin. Ya ce in kawo turmi. Ya hau, ya miƙa hannu iya tsawonsa yana neman inda zai ja zane na biyu. Katangar ta ƙare, hannunsa ya taɓo azara, bai kai ba.

Innalillahi! Ban san sanda na fita ba mayafi ba, ina buga ƙofar Maikuɗi. Ya biyo ni zaure da salular, muka kira lambar da Musbahu ya bugo da ita sau bakwai. A na takwas wata mata ta ɗauka, mai sana'ar buga waya ce, ba ta jin Hausa. Malami ya karɓa suka yi ta gwaranci. Da ya sauke wayar bai dubi kowa ba.

"Sun tashi tun kafin azahar. Ta ce iska ta fara."

Inna ta zauna daɓas a ƙasa. Ni kuwa haushi ne ya turnuƙe ni, na rufe Malami da faɗa: ina kake da hantsi? Na zagi masu sanarwa da ba sa faɗa wa mutane babbar, sai ta tsakiya. Baba kaɗai na kasa duba.

Kwana uku suka cika, muka ce sai ya huta zai kira. Ranar Juma'a aka zo ɗaukar Baba aikin rijiya a Adabka, ya ce su nemi wani. Yau kwana goma sha ɗaya, ba labarin Musbahu. Maikuɗi ya daina bi ta ƙofarmu, ta bayan masallaci yake zagayawa.

Jiya na ɗauko tsumma da ruwa zan goge zanen nan, don Inna ta daina ratsa zaure saboda shi. Baba ya riƙe mini hannu.

"Bar shi, Lauratu. Yaron nan ya so ya jira. Ni na auna, ni na ce ya shiga."