Siugim ta Hau Dutsen Siankong

Duk wanda ya girma a Taipei ya san ba a hawa haikalin Siankong da saurayi ko budurwa. Siankong, abin bautar da ke haikalin, ba mugu ba ne, yana warkar da ciwo, yana buɗa wa mutum kasuwa, amma an ce ya taɓa neman wata ta ƙi shi, kuma har yau abin bai bar zuciyarsa ba. Ma'aurata ba ya taɓa su. Amma masoyan da ba su yi aure ba, in suka kuskura suka hau dutsensa tare, to da wuya su ga sabuwar shekara suna gaisawa. Siugim ta fi kowa sanin wannan, shi ya sa ma ta zaɓi wurin.

Siugim tana da shagon karin kumallo a bakin kasuwa, tana sayar da madarar waken suya da wainar ƙwai. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya ɗaya gare ta, Wanru. Ga shi Wanru ta kwaso wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wai shi Boyan, ɗan Tainan, yana ta maganar in sun yi aure can kudu za su koma. Yaron ba shi da wani aibu, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Sai dai ta ce mutanen Tainan har miya sukari suke zuba wa, wa zai ba su 'ya? Gaskiyar magana kuwa tsoro take ji. Tsoron ta rufe shago da rana, ta hau bene, ta tarar babu takalmin kowa a bakin ƙofa sai nata.

"Ranar Lahadi za mu hau mu yi wa gwiwata roƙo," ta ce wa Wanru. "Ki zo da yaron nan naki, ya riƙe mana kaya."

"Wane haikali, Mama?"

"Ke dai haikali. Sai kin ji sunansa za ki sa takalmi?"

Wanda ya kai su shi ne Tekhai, tsohon direban tasi da ya ajiye aiki amma ya ƙi rabuwa da motarsa mai ruwan ɗorawa. Shekara da shekaru shi ne mutum na farko a shagon Siugim. Zai zauna a kujerar kusa da tukunya, ya kurɓi madara, ya ce yau ta tsinke. Ita kuma ta ce bakinsa ne ya tsufa. Daga nan ya tashi ya gyara mata ƙofar ƙarfe ko ya ɗauko mata tukunyar gas, ba tare da an sa shi ba.

Suna isa gindin matakala Boyan ya dafe goshi.

"Inna, na manta lemon da za a ajiye a gaban Siankong! Bari in koma wajen masu tebur in sayo. Zan biyo ta hanyar gonar shayi, mu haɗu a sama."

"Wace irin hanyar gonar shayi? Ga matakala nan, ku hau tare!"

Ina, ya riga ya sha kwana. Wanru kuwa ta sungumi jakar turare ta ce bari ta yi gaba ta kama musu wuri, ta haye kamar akuya. Siugim ta tsaya baki buɗe. Wato yaran nan sun gano ta tun daga gida, suka bar ta tana ta ɓoye-ɓoye.

"Ba su isa ba," ta ce. "Ko a ƙofar haikalin ne sai na haɗa su sun shiga tare."

Ta kama hawa da fushi. Fushin ya kai ta kwanar farko, a nan ya bar ta da gwiwarta. Tana dafe da ƙarfen gefe tana haki sai ta ji takun silifas a bayanta. Tekhai ne, wanda a ka'ida barci yake yi a mota in ya kai mutane wuri.

"Maman Wanru, a haka za ki kamo su? Kafin ki kai sun haifi na biyu."

"Wa ya tambaye ka? Kawo hannunka."

Ya ba ta. Haka suka yi ta hawa suna faɗa. Ya ce jakarta ta yi nauyi, me ta zuba a ciki, tukunyar shago? Ta ce shi da ya ƙare rayuwarsa a zaune me ya sani game da nauyi. Rana ta buɗe, ta ware lema, ya sunkuyo ya shiga don ya fi ta tsawo. A wata rumfa ya sayi dafaffen ƙwai irin wanda ake dafawa a ruwan shayi, ya ɓare, ya ba ta gwaiduwar don ya san ita take so, ya cinye farin. Ta manta da Boyan har na wani lokaci.

A sama, a bakin ƙofar haikali, wata tsohuwa mai sayar da turare ta tarbe su da murmushi.

"Kai, kun burge ni! Mata da miji a waɗannan shekarun, hannu cikin hannu. Nawa ko jakar kasuwa ba ya riƙe min."

"Ba mijina ba ne," in ji Siugim.

Murmushin tsohuwar ya ɗauke. Ta dubi hannuwansu, ta dubi lema ɗaya, ta waiwaya ta dubi cikin haikali inda Siankong ke zaune da dogon gemunsa da takobi a baya.

"Ba ku yi aure ba? Kuma kuka hau tare? Baiwar Allah, ke baƙuwa ce a garin nan?"

Siugim ta fizge hannunta kamar ta taɓa murhu.

"Mai sayen madara ne kawai! Ko son madarar ma ba ya yi!"

Ta faɗa da ƙarfi don a ji daga ciki. Amma gabanta ya riga ya faɗi. Ta wuce bakin baranda, wai tana shan iska. Ga birnin nan shimfiɗe a ƙasa, kogi ya ratsa shi, wata doguwar hasumiya ta fito ta saman hazo. Ta lalubi unguwarsu da ido har ta gano rufin kasuwa. A can ƙarƙashinsa akwai wata kujerar roba kusa da tukunya. Ta hango ta babu kowa a kai, gobe, da jibi, da gata. Ashe ba takalmin Wanru kaɗai take tsoron rasawa ba. Ita da ta zo raba wasu, ta ɗauko abin da ya rage mata da hannunta ta kawo wa mai rabawa.

Ta shiga da sauri, gwiwar ma ta manta tana ciwo. Ta kunna turare, ta durƙusa, ta faɗi sunanta da ranar haihuwarta da lambar gidanta yadda aka saba, don kada amsar ta tafi wa wata Siugim. Sannan ta ɗauki 'yan katakon tambaya, guda biyu jajaye masu siffar jinjirin wata. In ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe, an ce e. In duka sun kife, an ce a'a. In kuwa duka sun buɗe suna lilo a ƙasa, dariya ake yi maka.

"Ranka ya daɗe," ta yi ƙasa da murya, "kai ma ka san babu komai tsakanina da tsohon can, ko?"

Ta saki. Duka suka buɗe suna lilo.

"Ba wasa na zo yi ba. Gwiwa ce ta sa na riƙe shi."

Ta sake saki. Dariya dai. A na gaba ta jefa da haushi, ɗaya ya gangara ƙarƙashin teburin hadaya. Tekhai ya duƙa yana nishi, ya kutsa kai, ba a ganin komai nasa sai tafin silifas.

"Wannan ma a buɗe yake," ya ce daga ciki.

Wani ya tuntsire da dariya. Ta waiwaya. Wanru na tsaye a ƙofar dama, Boyan a ƙofar hagu da ledar lemo, tsakaninsu faɗin haikali guda, ko kallon juna ba sa yi.

"Mama," in ji Wanru, "a ƙara miki turare?"

Siugim ta juya kan Tekhai da ke kakkaɓe gwiwoyin wandonsa.

"Kai kuma! Shekara nawa kana tuƙa tasi a garin nan? Kada ka ce min ba ka sani ba."

"Na sani mana. Na sha sauko da masu kuka daga dutsen nan."

"To don me ka hau?"

"Cewa kika yi in kawo hannuna." Ya sosa ƙeya. "Ban taɓa jin kin ce haka ba, A-gim. Na ga in na tsaya lissafi ba lalle ki sake faɗa ba."

Tun rasuwar mijinta babu wanda ya kira ta A-gim, sunanta na gida. Idonta ya cika, ta ce hayaƙin turare ne, ba wanda ya yarda.

"Ai da magani," Tekhai ya ci gaba. "Kowa ya san ba ya taɓa ma'au..."

"Rufe min baki! A gabansa za ka faɗa?" Ta ja shi har bayan wani ginshiƙi, inda take ganin gemun ba zai hango su ba. "Ka sauka ta gonar shayi, kai kaɗai, kada ka waiwayo. Gobe ka zo da wuri, ka sa rigar kirki, ba wannan tsumman ba. Ofishin ɗaurin aure ba ya jiran masu barci."

Ya tafi yana tafiyar da ba ta taɓa ganin ya yi ba. Ta tura Wanru ta bi wata hanyar, sannan ta yafito Boyan.

"Zo ka riƙe ni. Ni da kai dai babu abin da zai raba." Ta kama damtsensa. "Kuma ka gaya wa mutanenku, a bikin 'yata ba za a zuba wa miya sukari ba."

"To, Inna."

Suka fara sauka a hankali. A kowace kwana sai ta tsaya, ta ce gwiwa ce, ta leƙa ƙasa ta tsakanin itatuwa. Sai can kusa da rumfar mai ƙwai ta hango motar, da wani ɗan tsoho jingine da ita, ya ɗaga kai yana duban matakala.

"Yi sauri mana," ta ce wa Boyan. "Kai ba ka ga ana jirana ba?"