Hannun da Ya Shigo da Mota

"Burki! Na ce burki, Maman Aikande, ba totur ba!"

Kafin dattijon maƙwabcina, Mzee Urassa, ya rufe baki sai na ji ƙarar karo. Na bar fankena a cikin mai na fito da gudu, zani a hannu. Ga sabuwar motar nan fara ƙal ta tura gindinta cikin shingena, ta kwantar mini da ayaba har ƙasa, da nonon da nake ta jiran nunarsa. Matarsa, Maman Aikande, tana ƙanƙame da sitiyari, idanu a waje.

"Maman Haika, ki yi haƙuri," in ji Mzee, ya fito yana haki. Amma ba ayabata ya fara dubawa ba, bayan motarsa ya zagaya yana shafawa.

"Duba marar lafiyarka tukuna," na ce masa. "Tawa ai ta riga ta mutu."

Mun daɗe muna shinge ɗaya da su a unguwar Majengo, nan Moshi. Mzee ya yi aikinsa a sito na manoman kofi har ya tsufa, da aka sallame shi kuma bai sayi fili ba, bai sayi saniya ba, sai mota sabuwa dal, da ledarta a kan kujeru. Tun da ta iso unguwa ba mu huta ba. Kullum da safe sai ya goge ta da tsumma biyu, ɗaya na gilashi ɗaya na jiki. Ya buɗe bonet ya auna baƙin mai, ya zagaya tayoyi yana latsawa. Ya ce sabon inji ba a gaggauta masa, sai ya saba da hanya a hankali. Kazata ta taɓa hawa kan bonet ɗin, sai da muka yi kwana biyu gaisuwa sama-sama.

Abin da ya ɗaure wa unguwa kai shi ne, shi da ya iya tuƙi tun yana saurayi ba ya tuƙa ta. Matarsa ya ɗora a kai, mace mai jikoki, wadda ko keke ba ta taɓa hawa ba. Ya kai ta makarantar koyon tuƙi, ta samu lasin da ƙyar, amma tsoron bai bar ta ba. Ranar ayabata ta fito ta jefa masa makulli a cinya.

"Na gama, Baban Aikande. Wallahi na gama. Ka nemi direba, ni ba zan kashe mutum da tsufana ba."

Da yamma ya zo rumfata ya zauna a benci, na zuba masa shayi. Na lura ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, ɗan takun nan daga ƙofarsa ma ya sa shi numfashi sama-sama.

"Mzee, me ya sa kake wahalar da baiwar Allah?"

Ya juya kofin a hannunsa. "Likita ya ce zuciyar ta gaji. Ba ta da garanti kamar motar." Ya yi 'yar dariya. "Kin san gidanmu. In namiji ya mutu, 'yan'uwa za su zauna. Duk abin da suka ce mace ba ta iya amfani da shi, na ƙane ne. Ƙanena Ndekirwa ya riga ya tambaye ni yawan man da take sha."

"To in ta iya tuƙi fa?"

"Iyawa kaɗai ba ta isa ba. A gidanmu sabon abu bai zama na gida ba sai an kai shi ƙauyenmu Kibosho, babba ya sa masa albarka. Wanda hannunsa ya shigo da shi tsakar gida, shi ake danƙa wa. Yayarmu Mankaa ce babba yanzu. Ina so ta ga wannan matar a sitiyari da idonta."

Gaskiya tausayinsa ya kama ni, har na yafe ayabar a zuciyata, ko da yake ban faɗa masa ba. Washegari na tsallaka na samu Maman Aikande tana tsintar wake. Ban yi mata wa'azi ba. Na ce mata matar Ndekirwa za ta yi kyau a gidan gaba, da sabon ɗankwali, tana ɗaga mana hannu. Ta ajiye faifan ta shiga ɗaki neman makulli.

Ranar Asabar muka kama hanyar Kibosho. Ni aka sa a baya tare da buhun sukari da bargon da za a kai wa tsohuwa. Mzee ya ƙi yarda a tayar sai da ya ji kowa ya ɗaura bel.

"Ni ma? A baya fa nake."

"Na baya shi ke fasa kan na gaba. Ɗaura."

Tafiya muke kamar masu rakiyar amarya. 'Yan acaɓa suna wuce mu suna hon, wani ma ya leƙo ya ce, "Mama, turawa za a yi?" Ita ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ƙyale shi," in ji Mzee. "Madubi. Tirafiketa. Yauwa. Ba wa na gabanki tazara, ba bashi kike bin sa ba."

Da muka bar kwalta muka fara hawan dutse, hanyar ta zama jar ƙasa mai santsi, don an yi yayyafi da safe. Gonakin ayaba da kofi suka rufe mu hagu da dama. Mzee ya daina magana. Na leƙa na ga ya jingina kai, leɓensa sun yi fari, amma idonsa na kan hanya. Maman Aikande ma ta gani. Daga nan ita ta riƙa gaya wa kanta, ƙasa-ƙasa, "Madubi. A hankali. Kwana na zuwa, hon."

Mashigar gidansu siririya ce, tsakanin shinge biyu na isale, wannan tsiron da muke iyaka da shi. Nan muka tarar da Ndekirwa, ƙanen Mzee, dogo, da fara'arsa. Ya buɗe ƙofar direba tun kafin a ce masa.

"Sannu, matar yaya, kin yi ƙoƙari. Fito in shigar miki da ita. Wurin nan ko ƙwararre sai ya kula. Kada ki ƙarce sabon fenti."

Ta dubi mashigar, ta dubi fentin. Na ga hannunta ya tafi wajen kwance bel. Duk unguwa ta san yadda Mzee yake da fentin nan.

"Rufe mata ƙofa, Ndekirwa," in ji Mzee, muryarsa can ƙasa. "Maman Aikande, shiga."

"Zan ƙarce ta."

"Ƙarce ta. Taki ce."

Ta shiga kuwa. Muna jin reshen shinge yana jan gefen motar, ƙiii, tun daga ƙofar gaba har ta baya. Ni na runtse ido. Da na buɗe sai na ga Mzee yana dariya ba sauti, kafaɗunsa na rawa.

Tsohuwa Mankaa na zaune a ƙofar ɗaki, da sandarta. Aka taimaka mata ta miƙe, ta zo ta leƙa ta taga.

"Wa ke nan a gaba? Kai, yarinyar nan ce? To. Ita ta shigo da ita."

Yarinyar da ake faɗa tana da furfura. Tsohuwa ta karɓi ƙwaryar giyar ayaba ta zuba kaɗan a kan kowace taya, ta kira sunayen iyayensu, ta roƙi Allah ya tsare hanya. Sannan ta sa aka zaro makulli, ta ɗan tofa masa, ta danƙa a tafin Maman Aikande ta naɗe mata yatsu. Mzee ya ci ayaba da nama fiye da yadda na ga ya ci a watan nan duka.

Bai daɗe ba bayan haka. Wata safiya yana zaune a kujerarsa gindin mangwaro, yana kallonta tana auna baƙin mai. Ina jiyo su daga rumfa.

"Goge tukuna, sannan ki mayar."

"Na sani, malam. Ga shi, ya kai layi. Duba."

Ta sake cewa, "Baban Aikande, duba." Daga yadda ta faɗa karo na biyu na sauke kasko na tsallaka. Kansa ya ɗan karkata, tsumman gilashi na kan gwiwarsa. Fuskarsa a sake take, kamar wanda ya gama aikin yini. Na yi kuka sosai, don maƙwabci ne na kirki, duk da fitinarsa.

A Kibosho aka binne shi, cikin gonar ayabar gidansu. Bayan addu'o'i 'yan'uwa suka zauna a tsakar gida don rabon kaya. Aka raba kwat da sanda da rediyo. Ndekirwa bai zauna cikinsu ba. Yana cikin motar tun ɗazu, wai yana matsar da ita inuwa, ya tura kujerar baya don dogayen ƙafafunsa, ya ɗora gwiwar hannu a taga.

"Sai maganar mota," in ji wani ɗan'uwansu. "Tunda matar yaya tsufa ya zo..."

Tsohuwa Mankaa ta buga sandarta a ƙasa.

"Wace magana? Ni na sa wa motar nan albarka. Idona bai mutu ba tukuna, na ga hannun da ya shigo da ita. Ndekirwa, fito daga kujerar mutane."

Ya fito yana 'yan kame-kame, ya miƙa makulli ba tare da ya kalli kowa ba.

Da la'asar muka yi sallama. Na nufi baya, sai Maman Aikande ta ce, "Dawo gaba, Maman Haika." Na zauna a inda yake zama. Ita ta shiga, ta miƙa ƙafa ba ta kai burki ba. Ta ɗan jima a haka, hannuwanta a cinya. Sannan ta sunkuya ta laluba ƙarƙashin kujerar, ta jawo ta gaba a hankali har ta yi ƙas, ta tsaya daidai tsawonta.