Birkin Lamba Uku

Motocin ɗaga kaya uku ne a siton, amma duk ranar da mai duba lafiyarsu ya zo, biyu kawai yake gani. Dabarar manaja ce, Allah wadaran dabara! Da an gama duba lamba biyu sai a zagaya da ita baya, a kwance farantin lambarta a ɗaura na uku, a dawo da ita a ce ga lamba uku. Ita kuwa lamba ukun ta gaskiya, wadda birkinta ya mutu wata huɗu ke nan, tana can lulluɓe da tamfol har sai ya tafi, sannan ta koma aiki.

Dogo ne direban lamba uku, shi kuma ake sa wa wannan zagaye. Sau biyu ya yi yana haɗiyar takaici. To amma yanzu an mayar da ƙanwarsa Auta teburin manna takarda a jikin kwali, daidai gindin gangaren da yake saukowa da kaya wuni guda. Ga ta da ciki wata bakwai, tashi daga kujera ma sai ta dafa tebur. Jiya sai da ya saki ƙarafan ɗagawa suka karci siminti kafin motar ta tsaya.

Da hantsi mai duba ya iso, wani dattijo mai tabarau. Ya ja sarƙar lamba biyu, ya leƙa tayoyi, ya taka birki, ya sa hannu a takarda.

"A kawo ta uku."

Manaja ya ƙifta wa Dogo ido, ya cusa masa sukudireba a aljihu. Dogo ya zagaya baya zuciyarsa na tafasa. Ya yi jifa da sukudireban, ya yaye tamfol, ya tuƙo lamba uku har saman gangare.

"Auta, tashi daga nan!"

"Yaya, lafiya?"

"Na ce tashi! Bar kujerar a wurin."

Manaja ya taho yana kumfar baki. "Kai Dogo, kanka ɗaya kuwa?"

"Ba kai ka ce birkinta ras yake ba? Ka ce ƙafata ce ba ta da ƙarfi. To ranka ya daɗe, ga kujera, bismilla zauna!"

Ina! Mutumin da ke cika sito da tsawa, ko taku ɗaya bai yi ba.

Dogo ya gangaro a hankali, ko kwali ɗaya babu a kai. Yana zuwa layin rawaya da aka ja a ƙasa inda ake tsayawa, ya danne birki har ƙasa. Motar ta wuce kamar ba da ita ake ba. Ƙarass! Kujera ta dagargaje, tebur ya haɗe da bango.

Dattijon ya zare makulli ya jefa a aljihu, ya rataya jan katin hana aiki a sitiyari, sannan ya dubi manaja ta saman tabarau.

"To wacce na duba wancan zuwan?"

Manaja ya juya ya huce a kan Dogo. "Ajiye mana hular aikinmu. Gobe kada in ga ƙeyarka a nan!"

"Riƙe tsiyarka!" in ji Dogo, ya wurga masa hular.

Ya juya zai ja ƙanwarsa su fita, sai ya ga ba takalmi a ƙafarta. Kullum cire su take yi in ta zauna, saboda kumburin ƙafa. Tana tsaye ta dafe ciki da hannu biyu, tana kallon takalman nata a ƙarƙashin tayar gaba.